Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Magajin Garin Garwa: a ba iyalai wurin zuwa ranar ƙarshen shekara

Zuwa ga Mai girma Magajin Garin Garwa, tare da shugabannin ƙananan hukumomin Garwa ta ɗaya, ta biyu da ta uku.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, masu wannan takarda makaɗa ne da mawaƙa, da 'yan wasan kwaikwayo, da masu ƙunshi, da malaman zane na firamare, da masu haɗa lasifika da wuta a wuraren biki. Maganar daren 31 ga Disamba ce ta kawo mu. Da an idar da isha'i magidanci ya tura ƙyaure ya tara 'ya'yansa ciki, titi ya koma hannun samari masu tsere da babur da masu fitowa daga mashaya. Yara suna hutun makaranta, washegari ma ranar hutu ce, amma babu inda uwa za ta riƙo hannun 'yarta ta kai ta kallo hankali kwance. Muna roƙon hukumar gari ta ɗauki nauyin bikin fasaha na iyali a wannan rana: a fara bayan la'asar, a tashi ƙarfe 9:30 na dare, ba giya, ba kuɗin shiga, kuma yara su zo da abin da suka ƙera da hannunsu.

Akwai malamai da iyaye da ba su ɗauki wannan rana a bakin komai ba, don shekararsu daga Muharram take farawa. Ba ma ja da su, ba kuma ibada muke kira a yi ba. Kalandar nan dai da ita ake buɗe makaranta, da ita ake biyan albashi, kuma ko an so ko an ƙi yaran unguwa suna jin hayaniyar daren suna leƙe. Shawararmu a zauna da limamai da fastoci da wakilin fadar Lamiɗo tun zaman farko, ba bayan an buga sanarwa ba. Abin da za su tambaya sananne ne: lokacin salla, cakuɗuwar maza da mata, da irin waƙar da za a rera. Duk suna da amsa a tsarin fili da jadawali.

Ta fuskar izini, dokar Kamaru mai lamba 90/055 ta 19 ga Disamba 1990 ta ce a sanar da mai mulkin gunduma, wato sufurefe, aƙalla kwana 3 kafin taron jama'a, kwana 7 kuma idan jerin gwano za a yi a kan titi. Tunda a shirin bikin akwai zagayen yara da fitilun da suka ƙera, kwana 7 ɗin ne ya shafe mu. Amma kada a jira wa'adin ya matso, ƙarshen shekara ofisoshi sun cika da aiki. A kai takarda tun farkon Disamba, da zanen fili da hanyar zagaye a manne.

Kada a yi taro ɗaya tilo, kada kuma a kai shi filin wasa na Rumde Ajiya. Filin ƙwallo an gina shi ne don mai tikiti da ke zaune a kujera, ba don mace mai goyo da yara uku a bayanta ba, kuma taro ɗaya yana nufin dubban mutane a kan babura cikin dare. Mutanen Garwa ta uku sai sun ƙetare gadar Binuwai zuwa da dawowa. A ba kowace ƙaramar hukuma filinta, na makarantar firamare ko wani fegi mai katanga, inda yawancin iyalai za su iya zuwa da ƙafa.

Lissafin fili ba wuya. Idan tsawonsa mita 60 ne, faɗinsa 40, ka sami murabba'in mita 2,400. Cire kashi ɗaya cikin uku don dandamali da hanyoyi da rumfunan abinci, saura 1,600. Iyali masu zama a tabarma kowane mutum yana cin kusan murabba'in mita ɗaya, saboda haka filin nan na mutum 1,500 ne. Idan ya cika, ya cika. A sa mutum biyu a kowace ƙofa suna ƙirga masu shiga da masu fita, su riƙa kai wa shugaban fili adadi duk rabin awa. Ƙofofi su zama huɗu aƙalla, kowace faɗin mita 3, kuma kada a ga kwaɗo a jikin ko ɗaya daga farawa har tashi. Idan za a tsayar da shiga, a tsayar da mutane tun daga nesa, mita 30 kafin ƙofa, da igiya da masu yi musu bayani. Ba wanda ya manta abin da ya faru a filin ƙwallo na Olembe a Yawunde ranar 24 ga Janairu 2022, inda mutum 8 suka rasu a turmutsitsin bakin ƙofa. A bar hanya mai faɗin mita 4 daga titi har gindin dandamali don motar asibiti, ko mai sayar da gyaɗa kada ya zauna a kanta.

Dandamali ya kasance a gabashin fili. Da yamma rana tana bayan 'yan kallo, tana haska fuskar masu wasa, kuma iskar hunturu da ke tasowa daga arewa maso gabas za ta kai sauti wajen jama'a. Janareta da wutar masu tsire da masu tuya su koma kudu maso yamma, don hayaƙi ya fice daga fili. Wurin salla a ware shi a gefe. In aka shimfiɗa shi a bayan 'yan kallo, masu salla za su tarar suna fuskantar dandamali, tunda alƙiblarmu ta wajen gabas take. Gaban dandamali na yara ne a kan tabarmi, mata da masu goyo a ɓangare ɗaya, maza a ɗayan, a bar tsakiya ga iyalin da ke son zama tare.

A ƙarshen Disamba rana tana faɗuwa a Garwa wajen ƙarfe 6. Saboda haka a buɗe ƙofa ƙarfe 4, a yi wasannin rana har 5:45, a kashe lasifika gaba ɗaya don magariba. Ƙarfe 6:30 zagayen fitilu, kada ya wuce mita 500, don ƙafar ɗan shekara biyar ba ta jure fiye da haka a cikin taro. Sai isha'i, sai tatsuniya da wasan kwaikwayo. Ƙarfe 8 Shugaban Ƙasa yakan yi jawabin ƙarshen shekara, kuma manyan baƙi za su so saurare. A sa shi a lasifika, jama'a su ci abinci a lokacin, a ware masa minti 40 don kada ya ci lokacin makaɗan ƙarshe. Ƙarfe 9:15 yara su ƙirga daga goma zuwa ɗaya su ɗaga fitilunsu, su dai shekararsu ta shigo ke nan. Zuwa ƙarfe 10 kowa yana gida, Kiristoci masu zuwa addu'ar dare a coci sun sami lokaci, kuma an bar titi kafin ya rikice. Idan ranar ta faɗo Juma'a ko Lahadi, a gama kafe-kafe tun jajibiri.

Abin da ya bambanta wannan biki da gala shi ne aikin hannun yara, kuma a nan aka fi yin kuskure, don mutane suna ɗauka a rana ɗaya za a yi komai. Ba zai yiwu ba. A buɗe ajujuwa biyu ko uku a kowace makaranta daga 27 zuwa 30 ga wata, da safe, babba ɗaya a kan yara takwas.

Fitila ta karan dawa ce, irin wanda yara ke yin mota da shi, ga shi kuwa birjik bayan girbi. Kowace fitila mai siffar akwati tana cin gutsure 12 masu tsawon santimita 30. Fitila 300 gutsure 3,600 ke nan, wajen kara 700 da ɗoriya in kowane ya ba da biyar. Manya su yanka tun kafin yara su zo, su kankare bakin, domin ɓawon kara yana yanka yatsa fiye da yadda ake zato. A ɗaure kusurwoyi da zare, a lulluɓe da farar takarda, a shafa mata ɗan man gyaɗa da auduga don haske ya ratsa. Abin liƙawa sitacin rogo ne: kofi ɗaya a ruwa kofi biyar, a dafa ana juyawa har ya yi kauri, a bari ya huce. A dama sabo kullum, don in ya kwana tsami yake yi ya daina kamawa. A ciki kuwa ƙaramar tocila za a rataya. Kyandir haramun ne a wannan aiki: busasshen kara da takarda mai maiƙo a hannun yaro mai riga mai faɗi, cikin iska, kowa ya san ƙarshen zancen. A guji kuma 'yan fitilun nan masu batir kamar kwabo in murfinsu ba na sukuru ba ne, saboda ƙananan yara suna haɗiye batirin, kuma yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awoyi.

Fenti ba sai an saya ba. A jiƙa ƙaro awo ɗaya a ruwan ɗumi awo biyu ya kwana, a tace. A tankaɗe jar ƙasa da farar ƙasa da garin gawayi da bula, kowanne daban, a kwaɓa da ruwan ƙaron. In ƙaro ya yi yawa zane zai tsattsage bayan ya bushe, in ya yi kaɗan zai kakkaɓe a jikin riga, don haka a gwada a ƙyalle tukuna. A ɗaura akoko mita 20 a jikin katanga daidai tsayin yaro, a raba wa kowace unguwa mita biyu ta zana abin da ta ga dama: kasuwa, kwale-kwale a Binuwai, dutsen Tingilin, motar auduga. Fentin mai da sinadarin tsinka shi kada su shigo ajin da yara suke. Masu ginin tukwane kuma su san cewa abin da yaro ya gina da yumɓu ba a gasa shi a ranar. Hunturu yana busar da bayansa cikinsa na ɗanye, sai ya tsage. A ajiye a inuwa a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a gasa bayan mako guda, a raba wa masu shi idan an koma makaranta.

Masu ƙunshi za su fi kowa layi. Sharaɗi ɗaya muke so hukuma ta rubuta ta sa hannu: jan lalle na ganye kawai. Baƙin lallen da ake haɗawa da maganin rina gashi yana tayar da ƙuraje da bororo a fatar wasu, wani lokaci sai bayan kwanaki, kuma tabon yakan daɗe. A duba kayan kowace mai ƙunshi kafin a ba ta tabarma.

A dandamali, garin nan ba na ƙabila ɗaya ba ne, jadawali ya nuna haka. Kalangu da garaya da goge, shantu da kiɗan ƙwarya na mata, waƙar Fulani, rawar Fali, rawar gurna ta Tupuri, ƙungiyoyin mawaƙan coci in suna so. Minti 12 ya ishi kowace ƙungiya, da minti 3 na sauyi, kuma a sami mai riƙe agogo wanda ba ya jin kunyar kowa. Kakaki da algaitar fada ba a gayyatarsu kamar sauran makaɗa, sai an je an nemi izinin Lamiɗo. Kowane mawaƙi ya faɗi waƙoƙin da zai yi tun ranar gwaji. Zambo da habaici da kirarin 'yan siyasa a bar su a gida, yara ne a gaba. Tsayin dandamali kada ya wuce santimita 80, faɗi mita 8 da 6, katako a kafe da ƙusa a kan ginshiƙai. Bulo da aka jera ba siminti yana gocewa da an fara tsalle, shi ya sa masu rawar dire ƙafa a ƙasa za su yi, a da'irar da aka kewaye da igiya. Labulen bayan dandamali a tsaga shi wuri-wuri don iska ta wuce, in ba haka ba zai tafi da sandunansa. Ganguna a ajiye su a inuwa, bushewar hunturu da rana suna ɗaure fata har ta fashe.

Mai tatsuniya ba ya son babban dandamali. A ba shi kusurwa mai nisa da lasifika, tabarma da fitila ɗaya, yara kamar 40 a lokaci guda, a riƙa sauya su.

Maganar liƙi: da an watsa kuɗi sama yara za su ruga, na baya ya taka na gaba. A ajiye ƙwarya a gaban makaɗa, mai son yin kyauta ya sa a ciki. Hakkin masu wasa kuwa a rubuta shi, rabi ranar sa hannu, rabi a daren kafin su bar fili, ko a hannu ko ta waya. Makaɗin da aka ce masa ya zo ofis bayan hutu ba zai amsa kira baɗi ba.

Wutar gari ba a dogara da ita a rani, lokacin da ruwan madatsar Lagdo, inda ake samar da ita, yake ja baya. Fitilun LED 20 masu wat 50 suna cin wat 1,000, kayan sauti na fili irin wannan wajen wat 2,000. Janareta mai kVA 5 yana ba da kimanin wat 4,000, ya isa har da rara. A tanadi na biyu, a raba: ɗaya na sauti, ɗaya na haske, don in ɗaya ya mutu kada fili ya yi duhu da shiru lokaci guda, wanda shi ne abin da ke firgita taro. A lissafa lita 2 na mai kowace awa, jarka mai lita 20 ga kowane inji ta wadatar. A ajiye su mita 20 daga jama'a a cikin shinge, kada a zuba mai inji na aiki ko yana da zafi. Masu firiza kada su jona, domin duk sanda injinta ya tashi yana fizgar wuta, lasifika ta yi gurnani ko ta ɗauke. Waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, a binne ta ko a ɗaga ta mita 3, kada a ga haɗi da leda a ƙasa inda aka yayyafa ruwa. Lasifika ta kasance gaba da makirufo, in tana bayansa sai ƙara mai huda kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta sa iyakar ƙarfin sauti desibel 100 a wuraren kiɗa, idan an auna matsakaicinsa na minti 15. Wannan na manya ne. Inda jarirai suke a sauko ƙasa da haka sosai, kuma tabarmar yara ta farko ta yi nisan mita 10 da lasifika. In uwa sai ta ɗaga murya kafin ɗanta da ke gefenta ya ji, a rage.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba. Motar ruwa ta yayyafa fili da safe, ta sake awa ɗaya kafin buɗe ƙofa, yayyafi ba ambaliya ba. Ruwan sha lita ɗaya ga kowane mutum, wato jarka 75 masu lita 20 ga mutum 1,500, na alwala daban. In ba na famfo ba ne a sa maganin tsabtace ruwa yadda takardarsa ta ce, a jira minti 30. Tanki mai kan famfo, ba randa da moɗa ɗaya ba, yankinmu ya san kwalara. Ban ɗaki ɗaya ga mutum 100, kashi biyu cikin uku na mata, da haske, da buta da sabulu, da mai tsaro mace a ƙofar na mata.

Wasan tartsatsin wuta da ƙananan abubuwan fashewa da yara ke saya, muna roƙon a hana su a fili da kewayensa, a kuma sanar ta rediyo mako biyu kafin ranar, da Hausa da Fulatanci da Faransanci. Zana da ciyawa sun bushe, lokacin tara auduga ne. Ban da gobara, tun hare-haren Marwa na 2015 mutanen Arewacin Kamaru ba sa jin ƙarar fashewa a cikin taro su tsaya tambaya. Fashewa ɗaya ta wasa ta isa ta sa mutum dubu su nufi ƙofa ɗaya. A sanar da 'yan kwana-kwana wuraren ukun tun da wuri, a ajiye bokitin yashi biyu a kowace rumfar tuya, tukunyar gas da kaskon mai kuma a bayan tebur, inda hannun yaro ba ya kai.

Yara za su ɓace, wannan ba makawa. A ƙofa a liƙa wa duk wanda bai kai shekara takwas ba farin salatif a hannu da lambar wayar wanda ya kawo shi. A kafa rumfa mai jar tuta da fitila a saman dogon gora, a nuna wa yara ita tun shigowa, mata biyu da ma'aikacin agaji su zauna a ciki. Mai sanarwa ya faɗi kalar rigar yaro, kada ya faɗi sunansa, kuma ba a miƙa shi sai ga wanda ya faɗi sunan, yaron kuma ya gane shi. 'Yan sanda da jandarmomi su tsaya a ƙofofi da bakin titi. Cikin fili a bar wa matasan unguwa masu riga iri ɗaya, ɗaya ga mutum 50, waɗanda lawanai da masu unguwanni suka zaɓo, ba bulala, ba sanda. Babura su tsaya mita 100 daga ƙofa, a wurin da aka shata mai haske.

Daga ofishinka, ranka ya daɗe, abin da muke jira shi ne a ambaci filayen uku a kuma naɗa wa kowanne shugaba ɗaya mai yanke magana kafin 15 ga Nuwamba, a saki kuɗin kara da akoko da tocila da kafin alƙalamin masu wasa kafin 10 ga Disamba, a yi gwajin wuta da sauti a filin da daddare ranar 29, sa'an nan a shirya da masu kwashe shara su zo da safiyar 1 ga Janairu, don makarantun da suka ba da aron fili su karɓi abinsu a share. Zanen fili da jerin kaya da jadawali mu za mu kawo, duk ranar da aka kira mu.

Allah ya taimaki Magajin Gari, ya ba garinmu lafiya.

Wassalam.

Daga wasu makaɗa, 'yan wasa, masu ƙunshi, malaman zane da masu haɗa sauti na garin Garwa.